Keken Ɗinkin da Ya Sauya Murya

Kekunan ɗinki bakwai gare ni, duk na hannu, irin masu murfin nan da mace za ta ɗora a ka ta shiga da shi maƙwabta. Ban tashi da niyyar tara su ba. Da guda na fara, wanda na saya a hannun wata tsohuwa a Darmanawa, ita kuma daga Makka ta taho da shi tun tana da ƙarfinta. Shi ya sa nake ce masa ɗan Makka. Sauran shidan kuwa kusan a jere suka same ni, a shekarar da soja suka koma bariki.

Da farar hula suka hau, sai aka shiga rabon kekuna. Yau matar kansila ta tara mata a Tarauni ta raba, jibi matar ɗan majalisa ta raba nata a nan Gyadi-Gyadi. Sababbi fil, sai sheƙi. Duk wadda ta samu sai ta ga tsohon nata ya yi mata muni a ɗaki, sai ta aiko a tambaye ni ko ina so. Ni kuma ba na iya ganin tsohon keke a wulaƙance, an ɗora masa kwanuka a ka. Maigidana, wanda direba ne a wata ma'aikata, ranar da ya dawo ya tarar da na bakwai, tsayawa ya yi a bakin ƙofa ya ce, "To, saura ki yanka musu raguna mu kira liman ya raɗa suna."

Na ce, "Malam, ai ba sa cin tuwonka."

Ya ce, "Suna cin wurin ajiye takalmina dai."

Ban yi nisa a karatu ba, kuma ba ni da yawo. In ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, sai in yi wata ban ga titi ba, kuma ba hana ni aka yi ba, zaman gidan ne yake min daɗi. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina madafa zan gaya muku keken wa ake murzawa a gida na uku, da ko allurarta ta dakushe. Nawa kuwa kowanne da muryarsa. Akwai mai tari, akwai wanda yake kamar ana tauna aya. Ɗan Makka shi ne babbansu. Sautinsa a tattare yake, babu kwaramniya, kuma a ƙarshen kowane juyi akwai wata 'yar siririyar ƙara, kamar an taɓa cokali a bakin tangaran. Ba na saukar da shi sai yadi mai tsada ya zo.

Mai duba min su wani dattijo ne da yake zuwa daga wajen Hotoro duk Alhamis, a kan kekensa na hawa, da akwatin gwangwani ɗaure a baya. Baba muke ce masa. Tun daga kan kwana za ka ji shi yana jan kiransa, "Gyaran keke!" Sai ka ji ƙofofi suna buɗewa. Shekara goma sha biyu yana zama a soronmu. In shimfiɗa masa tabarma, in kai masa keken da ruwa da ɗan kunu, mu gaisa, in koma ciki in bar shi da aikinsa. Haka ake yi a kowane gida a layinmu, babu wadda take tsayawa a kansa. Da wannan zagayen yake ci da iyalinsa.

Wata dillaliya mai kawo mana atamfa ce ta fara sa min abu a rai. Ta zauna tana kallon kekunana a jere, ta ce, "Ke da kike da tsofaffi, ki yi hattara fa."

Na ce, "Da me?"

Ta ce, "Au, ba ki ji ba? Waɗannan na rabon ai kwalliya ce kawai, wata biyu sun fara tsallake. To masu gyara sun gano. Sai su zare kayan cikin tsoho, su sa masa na sabo, su kai wa mai sabon su ce ga na asali. Ke kina ciki kina dama musu kunu."

Na yi dariya na ce ba dai Baba ba. Ta ce ita ba ta kama sunan kowa ba, ta naɗe kayanta ta tafi. Maganar kuwa ba ta bi ta ba, a gidan ta zauna.

Alhamis ɗin da ta biyo, na fitar masa da ɗan Makka don zaren ƙasa yana ɗan saki. Ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji ya buɗe akwatinsa ya rufe. Can sai ya sake buɗewa. Sai na ji ƙwal, ƙarfe ya faɗa cikin gwangwani. Na tabbata a shekara goma sha biyun nan na ji wannan ƙarar sau ba adadi, amma ban taɓa saurarenta ba sai ranar. Na tsaya da rariya a hannu har garin ya zube a ƙafata.

Na so in gwada keken da ya tafi, sai ga ƙanwata ta shigo daga Tarauni a gurguje. Ta samu ɗinkin ankon wasu mata da za su je tarbar wani ɗan siyasa, nata keken na rabo kuma ya tsaya cak. Ta ce, "Yaya, ɗan Makka nake so, sauran naki duk tsofaffin banza ne."

Na ce, "Tsofaffin banzan ne suka fi naki da ko yaye ba a yi masa ba."

Ta ce, "Na ji, ɗora min."

Kwana goma ya yi a wurinta. Ta dawo da shi a naɗe cikin zani, an goge shi sai walƙiya yake, ga kwano cike da ƙuli-ƙuli a kai, don a gidanmu ba a koya mana mayar da kayan aro hannu sake ba. Na ɗora shi a saman kabad. Lokacin bazara ne, ɗinkin da yake zuwa duk na kayan yara ne da faci, ban sake taɓa shi ba sai bayan wata biyu, da wata ta kawo leshi.

Ina kama hannunsa na ji nauyi. Na murza, sai ya tafi da ƙyar, kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Muryar nan babu ita. Wani irin sauti ne a toshe, luɓus, kuma 'yar siririyar ƙarar ta ɓace gaba ɗaya. Na sauya allura, na sauya zare, na ɗiga masa man keke. Bai sauya ba. Na zauna na zuba masa ido, shi ne dai, zanen zinariyarsa ne, ga ɗan tabon da na sani a gefe, amma na ce a raina wannan gangar jikin ce kawai aka bar min.

Hannu biyu ne suka taɓa shi. Ƙanwata ko murfin kwalba ya cije sai ta nemi mai buɗe mata, ina ita ina kwance kusoshin keke. Saura mutum ɗaya.

Na gaya wa maigida. Ya ce, "Kin ga ya cire?"

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Ji kika yi. To ki tambaye shi mana."

Na ce, "In tambaye shi ya ce min me? E, na sata?"

Ya ce, "Dattijon nan ya girmi babanki. Ki bi a hankali."

Ban tambaye shi ba. Tarko na haɗa masa, kuma a lokacin ina ganin babu mai wayona a Kano. Na ɗauko mai tarin nan, na kwantar da shi, na samu jan farce da tsinke, na bi duk wani ƙarfe da idona ya gani a cikinsa na ɗiga masa ɗan ja a inda ba za a lura ba. Gidan zaren ƙasa, haƙoran da ke jan yadi, har kawunan kusoshi. Na bari ya bushe. Ran Alhamis na kai masa soro, na gaishe shi da fara'ar da ta fi ta kullum, na ce, "Baba, a ɗan duba min wannan, tarin ya yi yawa."

Ya ce, "To 'yata. Ina babban? Kwana biyu ban ji shi ba."

Na ce a raina, ji shi, yana son ya san ko na gane. Na ce, "Yana hutawa."

Na koma ciki, amma ban wuce bayan ƙofar ba. Na tsuguna a nan da tsintsiya a hannu, ko da wani ya shigo. Na ji ya kwance murfin ƙasa. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo, ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Daga nan na ji ya buɗe kwalbar kananzir, na ji buroshi, na ji tsumma. Ya daɗe. Da ya gama bai kira ni da "'yata" ba, sallama kawai ya yi. Kunun ma na tarar bai sha ba.

Yana fita na kwantar da keken. Ko ɗigo ɗaya na ja babu. Duk ƙarafan fes, kamar yau aka ƙera su. Na ce shi ke nan, ya kwashe duka ya zuba min wasu. Da na murza, muryar mai tarin tana nan yadda take, tarin ma ya ragu, kuma da ina da gaskiya da kaina da wannan ya isa ya tsayar da ni. Amma na riga na yanke hukunci, sai na ce ai gwani ne, ya san wanda zai sa da ba zan ji ba.

Sati guda bayan nan aka yi suna a Unguwar Gano, rabin matan layinmu suna can, ga na Tarauni. Aka ɗauko hirar kekunan rabo. Ni ban ce ɓarawo ba, Allah ya sani. Cewa na yi, "Ni dai ɗan Makka ya shiga soro da muryarsa, ya fito babu ita. Kuma kun san kunnena." Wata ta ce, "Wa ya duba miki?" Na yi shiru na gyara ɗaurin ɗankwalina. Shirun nan ya fi maganar aiki. Kafin a raba waina, wata ta tuna nata ya fara cin zare tun watan jiya, wata ta tuna ta taɓa ganinsa ya sa wani abu a aljihu.

Alhamis ta zo. Na ji shi tun daga kan kwana, "Gyaran keke!" Na kasa kunne. Ƙofar gidan farko ba ta motsa ba. Ta biyu ma haka. Na ji ƙarar sarƙar kekensa ta zo daidai ƙofarmu, ta rage gudu, ya yi kira sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, sannan ta wuce. Har ƙarshen layi babu inda ya tsaya. Na ce a raina, maganinsa ke nan. Amma miyar ranar sai da na sa mata gishiri sau biyu. Haka aka yi Alhamis uku. A ta huɗu ban ji kiran ba sam.

Kiyashi ne suka tona maganar. Ina share saman kabad na ga layinsu yana hawa bango, yana shiga ƙarƙashin murfin ɗan Makka. Na yi mamaki, don shekarata nawa da kekuna, ban taɓa ganin kiyashi ya bi man keke ba. Na sauko da shi, na kwantar, na buɗe ƙasan, abin da tsoron abin da zan gani ya hana ni yi tun farko. Ko'ina wani abu ne rawaya-rawaya ya daskare, yana kama yatsa kamar ƙaro. Na kai hanci. Warin tsohon mai ne, irin na kaskon suya da aka manta ba a wanke ba.

Ban ko sauya zani ba, na ja mayafi na tafi Tarauni. Na tarar da ƙanwata tana matsar tunkuza, don sana'arta ke nan, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na ce, "Ke, me kika sa wa kekena?"

Ta washe baki ta ce, "Sai yanzu kika lura? Ai na ce Yaya ba ta ma yi min godiya ba. Na farkon tatsa na ware masa, wanda ko maigidana ba na zuba wa. Kullum da safe sai na bi duk ramukan nan na ɗiɗɗiga, ranar da zan dawo da shi kuma na cika su taf. Ya za a yi in ari abu in mayar da shi a bushe?"

Na ce, "Man gyaɗa?"

Ta ce, "To mai ba mai ba ne? Nawa ma ai ya fi tsabta, ana cinsa."

Na zauna a kan turminta. Ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce mata ta ba ni ruwa.

Ko a nan zuciyata ba ta saki ba. A hanyar dawowa ina cewa, to man daban, ƙarar da na ji a gwangwani fa? Jan farcen fa? Wa ya ce ba duka biyun ba ne? Na sayi kananzir, na jiƙa cikin keken, na ajiye shi a rana, na bi shi da tsohon buroshin haƙori. Kwana uku ina yi, ruwan da yake fita kamar miyar taushe. A na huɗu na ɗiga man keke, na sa ƙyalle, na murza a hankali. Juyi na farko da nauyi, na biyu ya saki. Wajen na goma sai ga ta, 'yar siririyar ƙarar nan, a inda take tun ranar da na saye shi. Babu abin da aka cire masa. Na ci gaba da murzawa babu ko zare, don ban san me zan yi ba in na tsaya.

Maigida ne ya nemo min inda Baba yake. Ya ce ya gan shi a kasuwar Tarauni, a bakin rumfar wasu teloli, sun ba shi gefe yana zama. Ya ce, "In kira miki shi?"

Na ce, "A'a. A cikin mutane na yi, a cikin mutane zan je."

Na ɗora ɗan Makka a ka na tafi. Telolin suna ta aiki, ga mata biyu suna jiran kayansu, ɗaya ma 'yar layinmu ce. Baba yana zaune a kan buhu, akwatinsa a rufe. Na sauke keken a gabansa, na durƙusa, na gaishe shi. Ya amsa, bai ɗago sosai ba. Na faɗi komai da ƙarfi yadda kowa zai ji, tun daga dillaliya har man gyaɗa. Da na zo kan man, wani tela ya tuntsire da dariya ya ce, "Hajiya, da kin ƙara albasa ai da an ci." Baba bai yi dariya ba. Ya jawo keken, ya murza sau biyu, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ranar da na buɗe wancan na ga ja a kan kowace kusa, na san me ake nufi."

Na ce, "Baba, to me ya sa ka goge?"

Ya ce, "Aikina ke nan. Datti na gani a cikin keke. In bar shi don in wanke kaina?"

Na ce, "Da ka yi min magana."

Ya ce, "Ke da kika ji muryarsa ta sauya, kin yi min?"

Amma halin nawa bai bar ni ba, sai da na ce, "Ƙarfen da na ji ya faɗa gwangwani fa, ranar ɗan Makka?" Ina faɗa na ji kunya ta rufe ni. Ya buɗe akwatin, ya ɗauko wani ƙaramin gwangwanin madara ya girgiza min. Guntayen allurai ne da lanƙwasassun kusoshi. Ya ce a kowane gida yake tsince su daga cikin kekuna, don kada su faɗi a tabarma wani ya taka.

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Sai na ce to ran Alhamis zan shimfiɗa tabarma. Ya ce, "A'a, Hajiya. Na daina aiki a inda babu ido. Mai so ta kawo nan."

Na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, ni da ba na fita, ina ba da labarin man gyaɗa. An sha dariya, ƙanwata ta yi wata guda ba ta yi min magana ba. Wasu sun yarda, suka fara kai masa kasuwa. Wasu suka ce nisa, suka koma wa wani mai gyaran da ya fara zagayowa a kan babur. Wadda ta ce ta ga ya sa abu a aljihu kuwa ta tsaya a kan bakanta, har ta ce wa maƙwabciyarta wai ba banza ba, an dai san yadda aka yi aka juya min kai. Da zan ɓata shi magana ɗaya na yi aka karɓa, da na zo gyarawa na yi ta fi ashirin ana duban bakina.

Shekara huɗu ya ƙara yi a bakin rumfar nan kafin idonsa ya gaza, 'ya'yansa suka zaunar da shi a gida. A shekarun nan duk wata sai na kai masa keke guda, ko da lafiyarsa ƙalau. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da ya kwance ya jera shi a kai a gabana. Nakan juya baya da gangan in shiga hira da telolin. Sai ya dakata, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce, "Hajiya, juyo ki gani." Ba ya ci gaba sai na juyo.